Romon Wantan a Gidan Jadda Safiyya

Ban taɓa mantawa da wata Talata a watan Janairun 2014 ba, ranar da na shiga kicin ɗin mutane da farin kayan aiki a jikina na hau kwaɓa fulawa. Ku da kuka shigo aikin jinya kwanan nan, ku saurara, don wannan ba a koya mana shi a makaranta ba.

Lokacin ina sashen jinyar gida na wani asibiti a Riyad. Aikin sashen shi ne bin marasa lafiyar da aka sallama amma suna bukatar kulawa. Direban asibiti zai ɗauke ki da safe daga masaukin ma'aikata a unguwar Al-Shifa, ya ajiye ki a ƙofar gida, sai bayan la'asar ya dawo. Ki auna jini, ki ba da magani, ki duba gyambon kwanciya, ki ciyar. Sama da ni akwai shugabar sashe, sama da ita akwai likita mai zagayowa duk Alhamis. Aiki ne na kaɗaici, ba zan ɓoye muku ba. Sai in yi mako ban yi Hausa da kowa ba in ba a waya ba, har in kama kaina ina yi wa tukunyar shayi magana.

Gidan da aka ba ni yana unguwar Ulaisha, tsohon gini mai ɗakuna rututu, duk a rufe. Mara lafiyar tsohuwa ce, Jadda Safiyya, wato Kaka Safiyya. Iyayenta sun taho da ita aikin Hajji daga ƙasar Sin tana yarinya, ba su koma ba. Nan ta yi aure, nan ta tsufa. Yanzu ruɗewar tsufa ta kama ta, Larabcin ma yana zube mata, tana komawa wani yare da ko ɗanta ba ya ji. Ɗan nata, Abu Khalid, yana unguwar Al-Naseem da iyalinsa. Ba mugu ba ne, komai aka ce ya saya. Amma in ya zo, a bakin ƙofa yake tsayawa ya yi sallama, ta dube shi kamar mai kawo tukunyar gas, ya sunkuyar da kai ya juya. Mai aikin gida ce kaɗai ke kwana da ita, Lita, 'yar Filifin.

Damuwarmu ita ce Jadda ta daina cin abinci. In na tsaya a kanta da cokali, sai ta datse baki ta zuba mini ido. Na lallaɓa, na yi wasa, na yi fushi a zuci, duk a banza. Ta rame har zobenta yana zamewa. Da likita ya zo ya auna ta, sai ya ce, "Sista, in na dawo Alhamis ba ta fara ci ba, za mu sa mata robar ciyarwa ta hanci." Gaskiyarsa ce, ba za a zuba ido ta mutu da yunwa ba. Amma mai irin ciwonta fizge robar take yi, don haka sai an sa mata safar hannu an ɗaure hannuwan a jikin gado. Ita kuwa Jadda, hannuwan nan ne kaɗai suka rage mata.

Wuni take yi tana naɗa tishu. Ta yage shi kusurwa huɗu, ta ninke, ta lanƙwaso kunnuwan biyu ta haɗe, ta jera a tire layi-layi. Ni a ganina rashin natsuwa ne irin na ciwon, kullum sai in tattare in zubar. Ranar Talatar nan ina tattarewa Lita ta ɗauki ɗaya ta jujjuya.

"Sista, wannan ai wantan ne," in ji ta. "Abincin mutanen Sin ne, fulawa ce ake naɗe nama a ciki, a jefa a romo. Haka mamata take naɗa nata."

Na kira shugabar sashe na nemi izinin mu dafa wa Jadda wantan. Ta ce, "Ke nas ce ko kuku?" Na ce yau dai duka biyun. Ta ce, "To, ki tabbata ya yi laushi sosai, kar ta shaƙe. Kuma kin san doka, ba a cin abincin gidan mara lafiya." Dokar tana da dalili: an sha kai ƙarar ma'aikata cewa sun zo cin abinci ne ba aiki ba.

Lita ta ɗora kaza da citta da albasa mai lawashi, ta bar su suna dahuwa a hankali har romon ya fito garau. Ni na kwaɓa fulawa da ƙwai da gishiri, na murza, Lita tana cewa in ƙara murzawa, sai an ga inuwar yatsa ta bayansa. Muka niƙa tsokar kaza da citta da ɗan man riɗi. Sannan muka turo keken Jadda bakin tebur.

Na fara naɗawa don in nuna mata, ka ji ƙarfin hali. Hannun Bahaushiya bai san rowar nama ba, na cika cokali fam na ɗura, abin ya kumbura ya yage. Sai ji na yi an make mini hannu. Jadda ce. Ta ɗebi nama da bakin cokali, bai fi gyaɗa biyu ba, ta shafa ruwa a gefe, ta ninke, ta haɗe kunnuwan. Kafin in gama ɗaya ta yi uku, tana yi tana harararmu. Muka jefa su a tafasasshen ruwa, suka nutse, suka taso kamar ɗan wake. Nawa duk suka fashe. Nata ko ɗaya.

Na zuba romo a kwano, ƙamshi ya cika gidan, zuciyata fes. Na tsaya a kanta na miƙa cokali. Ta datse baki.

Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Gajiya da sanyin garin da kewar gida duk suka taru suka danne ni, na jawo kujera na zauna a gefenta. Tun da na fara zuwa gidan ban taɓa zama a gabanta ba. Sai ta sa hannu biyu ta turo kwanon gabana.

"Kuli, ya binti," ta ce da Larabci tangaram. Ci, 'yata.

Na dubi Lita, na tuna doka, na yi bisimilla. Tana kallon bakina har na sha rabi. Da ta gamsu, ta yi wa Lita nuni a kawo wani kwanon, ta ɗauki cokali da hannunta, ta hau ci. Ashe duk watannin nan ba mara lafiya take ganin kanta ba. Matar gida ce, ga baƙuwa tsaye a kanta ba a ba ta komai ba, ta yaya za ta buɗe baki?

Washegari na kai kaina wurin shugabar sashe na faɗi abin da na yi. Ta ce doka doka ce, ba za ta ba ni izinin maimaitawa ba, amma za ta gaya wa likita. Ranar Alhamis likita ya ɗage maganar roba, ya ce lallai a samu mai zama ya ci tare da ita, kuma ya fi kyau ya zama jininta. Na kira Abu Khalid. Ya ce, "Ba ta gane ni fa, Sista." Na ce ba sai ta gane shi ba, ya dai wuce bakin ƙofa ya zauna.

Ya zo ranar Asabar. Ta naɗa wantan ɗinta, ta tura masa kwano, ta tambaye shi cikin ladabi ko shi ɗan gidan wane ne. Ya faɗi sunan mahaifinsa. Ta ce mutumin kirki ne, ya gaishe shi. Abu Khalid yana sha hawaye na ɗiga a romon, ita kuwa ta cinye nata tas.

Bayan wata biyu aka canza mini gida, kamar yadda tsarin sashen yake, ban sake ganinta ba. Abin da na koya shi ne mu ma'aikatan jinya a tsaye muke aiki, kuma daga tsaye ba a ganin komai sai bakin da ya ƙi buɗewa. Kafin ɗayanku ya ce tsoho ya ƙi abinci, ya fara duba ɗakin tukuna, ya ga ko akwai wanda ya zauna.