Baiti na Uku na Ɗanladi Madubi

In ka shiga Koki ka ce kana neman Ɗanladi mai wankin hula, za a tambaye ka wane Ɗanladin, don masu wannan suna da wannan sana'a sun kai uku. Amma ka ce Ɗanladi Madubi, ko akuyar unguwar sai ta raka ka rumfarsa. Ga shi can, gajere mai ɗan tumbi, hannu dumu-dumu da sitaci, yana kifa huluna a kan gungumen katako yana jera su a rana. Shekararsa hamsin da huɗu, kuma a duk tsawon shekarun nan abu ɗaya ya taɓa yi da ya wuce bakin lungunsu. Waƙa ce, ƙwaya ɗaya tak.

Amma fa wace irin waƙa! Wanda bai yi wayo a shekarar 1998 ba, ai sai dai a ba shi labari. "Ara Mini Madubi" sunanta. Budurwa ce saurayi ya zo ƙofar gida ba ta shirya ba, take roƙon yayarta, ga shi kuma ƙaton namiji da gemunsa ne yake marairaice murya yana rerawa:

"Ara mini madubi, Yaya,
Baƙo na ƙofar gida!"

Wayyo, garin nan ya haukace. Masu kaset na bakin kasuwar Kurmi tun hantsi suke sakinta har a kira magariba. 'Yan acaɓa da ita suke danna ham. Gidan bikin da ba a sa ta ba, mata sai su ce ba su ƙoshi ba ko da an cika su da waina. Wani dattijo a Jakara ya hana a sa ta a gidansa, sai ga shi an kama shi yana gunguninta a bakin rijiya. Ɗanladi kuwa ya yi wata takwas ba a bar shi ya shanye shayi a zaune ba, sai an ɗaga shi ya rera ta.

Daga nan shi ke nan. Ya yi ta biyu, a kan famfon keke, ba wanda ya waiwaya. Ya yi ta uku, a kan ciwon haƙori, mai fiyanon da ke yi masa kiɗa ya roƙe shi don girman Allah kada ya sa sunansa. Ɗanladi ya tattara ya koma sana'ar ubansa, da sunan Madubi rataye a wuyansa, kuma wallahi yana son sunan nan kamar ransa.

To, ga abin da Kano ba ta sani ba. Waƙar ba tasa ba ce. Ta Hajo ce, matarsa.

Lokacin yana nemanta, Hajo ce mai ba da waƙa in 'yan matan unguwa sun fito gaɗa da yamma, tana bayarwa suna tafi suna amsawa. A nan ya ji ta, ya sa ta maimaita masa har ya haddace, ya kwashi ƙafa ya kai situdiyo. Da kaset ya fito, an rubuta a jiki: waƙa da rerawa, Ɗanladi. Yana da hujjarsa, a yi masa adalci. Mahaifin Hajo malami ne mai zafi, da ya ga sunan 'yarsa a jikin kaset ana sayarwa a kasuwa, da auren nan ko a mafarki. Hajo ta juya kaset ɗin a hannunta ta ce, "Sunanka ya yi kyau a rubuce." 

Abin da ya ɓata lamarin shi ne bakin Ɗanladi. Duk wanda ya tambaye shi yadda ya yi waƙar, sai ya gyara zama ya ce yana kan keke ne zai fita ta Ƙofar Na'isa, kawai ya ji ta sauko masa tun daga farko har ƙarshe. Ya faɗa, ya sake faɗa, har keken ya samu launi da ƙararrawa. Mahaifin Hajo ya rasu, hujja ta ƙare, amma labarin keke bai ƙare ba. Hajo tana jiyo shi daga cikin gida tana tuƙa tuwonta.

Ranar wata Litinin a bana, wani matashi mai gilashi ya tsaya a rumfar ya yi sallama. Anas sunansa, ma'aikacin wani gidan rediyo ne, yana da shiri duk Asabar bayan la'asar mai suna "Ɗaya Tak". Aikinsa ke nan, farauto mawaƙan da suka yi tashe da waƙa guda suka ɓace. Ya ce ya kawo Mikail mai waƙar alewar madara, wanda yanzu yake sayar da taya, ya kawo Musa mai waƙar tsohuwar mota, har mutane suka yi ta kuka a waya. Amma masu sauraro sun ishe shi, Madubi suke so.

"Sai dai Baba, mun duba ko'ina ba mu samu kaset ɗin ba. Da bakinka za ka rera mana, kai tsaye."

"Wannan ne matsalar?" in ji Ɗanladi. "Ɗan nan, ko barci nake ka tashe ni!"

Kafin azahar Koki duka ta ji. Ya gaya wa mai shayi, ya gaya wa ladan, ya gaya wa wani baƙo da ya tsaya tambayar hanya kawai. Ya aika Legas aka gaya wa ƙaninsa. Ya fito da babbar rigarsa ta Sallah ya shanya. Tafiyarsa ma ta canja, yana yi yana ɗan karkata kafaɗa kamar mai jin kiɗa. Daɗi ya cika shi har ya sa wa hular wani Alhaji sitaci sau biyu ta zama kamar kwano.

Ranar Laraba yana goge hula ya ce bari ya gwada murya. Baiti na farko, na madubi, ya fito sumul. Na biyu, na aron kwalli, shi ma lafiya lau. Ya buɗe baki zai shiga na uku. Shiru. Ya koma farko ya taho da gudu ko zai tsallake ramin, ya sake faɗawa a wuri ɗaya. 

Ba abin mamaki ba ne. A wancan zamanin rediyo daga baiti na biyu take yanke waƙar ta sa gaishe-gaishe, a gidan biki kuma amshi kawai ake ta juyawa. Kaset ɗinsa na gida ruwan sama ya shiga ɗaki wata shekara ya gama da shi. Kuma, mu faɗi gaskiya, abin da ba daga cikinka ya fito ba bai cika zama ba.

Ranar Alhamis ya rufe rumfa ya bazama Jakara wajen Sule, tsohon mai kaset da yanzu yake sayar da caja yana tura wa mutane waƙoƙi a waya. Ya yi kamar hira ce ta kawo shi. Sule ya ce kaset dai babu, amma baiti na uku ai yana kansa daram, ya kuwa miƙe ya rangaɗa wani abu a kan aron takalmi da ya ƙare da kirarin shagon Sule. Ɗanladi ya wuce wajen Gwaggo mai ƙosai. Ita ta rantse da aron zani ne, ta ajiye matsamin ƙosai ta taka rawa, ta rera masa baitin da rabinsa habaici ne ga wata maƙwabciyarta da ta rasu tun tuni. Mutane suka taru suna tafi, kowa na cewa nasa ne daidai, har wasu biyu suka kusa cin kwalar juna. Ɗanladi ya sulale ya gudu.

Saura mutum ɗaya. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya sami Hajo a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ya jawo kujera 'yar tsuguno. Ya yaba shinkafar. Ya yaba farantin.

"Malam, faɗi abin da ya kawo ka."

"Hajo, baitin nan na uku. Ya ɗan kwanta mini."

"Subhanallahi!" Ta dafe ƙirji. "To ai da sauƙi. Ka ari keke ka koma Ƙofar Na'isa, ƙila yana nan inda ka samo shi."

"Haba Hajo, don Allah. Gobe ne fa. Duk garin nan zai kunna rediyo."

Ta ajiye farantin ta dube shi, babu wasa a fuskarta yanzu. "Zan ba ka. Amma ka faɗa musu mai ita."

Ɗanladi ya ji kamar an zare masa kujerar. Shekara ashirin da bakwai ana ce masa Madubi. In ya faɗa, me ya rage? Ɗanladi mai wankin hula, ɗaya daga cikin uku. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, ya tashi ya fita. A hanya ya lallashi kansa da cewa ai rediyo ba ta canja hali, daga na biyu za su yanke su sa talla.

Asabar ta zo. Aka zaunar da shi a ɗaki mai sanyi kamar cikin randa, aka ɗora masa abin ji a kunne, amma gumi yake. Anas ya yi masa kirari, ya tuna wa mutane zamanin kaset da biron da ake juya shi, sannan ya ce da murna, "Jama'a, yau babu talla, babu yankewa! Karon farko a rediyo, za ku ji ta har baiti na uku!"

Inna lillahi. Ɗanladi ya rufe ido ya fara. Kuma muryar tana nan, wallahi tana nan! Ma'aikata suka taru a bayan gilashi suna rausaya, wata mai shara ta jingine tsintsiya tana tafi. Ya gama na biyu ya shiga amshi. Ya sake amshi. Ya kuma sakewa. A karo na huɗu Anas ya ɗaga masa yatsu uku yana murmushi. Ɗanladi ya tsaya cak.

Shiru a rediyo ba kamar shirun gida ba ne, kowace daƙiƙa ana jin nauyinta. Ya hango mai shayi, ya hango ladan, ya hango ƙaninsa a Legas da waya a kunne. Sannan ya hango farantin shinkafa.

"Jama'a," ya ce, "ban san shi ba. Babu wani keke. Waƙar nan ta maiɗakina ce, Hajo, ita ta yi ta tun tana budurwa. Ni dai na ara ne ban mayar ba."

Anas ya saki baki. Amma ɗan rediyo ne, nan da nan ya ce a ba shi lambarta. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Ina ji, ɗan nan, rediyon na gabana. Ka ce wa Malam ya yi amshi."

Ta gyara murya, muryar da rabon a ji ta a waje tun tana 'yar shekara goma sha takwas:

"Riƙe madubinki, Yaya,
Ya ce in fito yadda nake,
Ko da toka a goshina,
Ni ɗin dai ya zo gani."

Ɗanladi ya yi amshi yana dariya hawaye na zuba. Mai sharar nan ta rangaɗa guɗa. An ce a Koki har masu wucewa sun tsaya, mata suna leƙowa ta katanga suna kiran sunan Hajo. Shi kuwa wani sauƙi ya ji, kamar ya sauke buhun gero daga ka.

Anas yana haki ya ce, "Hajiya, ikon Allah! Ashe ke ce mai ɗaya tak ɗin!"

"Wa ya ce maka ɗaya ce? Goma sha biyu na yi. Ɗaya ya ɗauka."

Ɗanladi ya miƙe tsaye da abin ji a kunne. "Hajo! Sha ɗaya? Ina can ina waƙar ciwon haƙori, sha ɗaya na cikin gidana?"

"Ka taɓa tambaya? Jira nake ka sauko daga kan keken."

Ɗakin ya kwashe da dariya, har Anas ya kifa kai a tebur. Ɗanladi ma yana yi, yana cewa sha ɗaya, jama'a, sha ɗaya! Sai da aka lafa Hajo ta sake magana, a hankali wannan karon.

"Ba su kai haka ba yanzu, Malam. Tara suka rage. Ranar nan na nemi biyu a kaina ban same su ba. Girma ya zo."

Ɗanladi ya daina dariya. Ya cire abin jin ya ajiye a kan tebur, ya tattare babbar rigarsa ya nufi ƙofa.

"Baba, saura minti ashirin a shirin!" in ji Anas.

"Ƙarasa da kanka, ɗan nan. Bari in isa gida kafin wata waƙar ta sake tafiya."