Wutar Gidimuni

In ruwa ya zuba a kan kaskon yumɓu mai zafi, akwai wani ƙamshi da yake tashi, irin na ƙasa ran da aka yi ruwan fari, sai dai shi da ɗan ƙaurin toka a ciki. Shekaranjiya jikata ta kifar da moɗa kusa da kaskona, ruwan ya fantsama a gefensa, ƙamshin nan ya buge ni. Na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai na ji ba faɗan ne a raina ba. Kakata na tuna, da wata safiya ta lokacin ɗari wadda har yau ban taɓa ba kowa labarinta duka ba. Ku zan ba, tunda waɗanda abin ya shafa duk sun riga mu gidan gaskiya.

A Damagaram aka haife ni, cikin Birni, a shekarun da ake ta ɗaga ganuwa, kowane gida da ranar da zai fitar da masu ɗaukar ƙasa. Kaka, wato mahaifiyar babana, ita ce babba a gidanmu. Maginiyar tukwane ce, gajeriya, mai kaurin hannu, ba ta da yawan dariya. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Uwata take ce mini, ko da kuwa zagina za ta yi.

A tsakar gida, gindin bangon gabas, nan kaskon wutarta yake. Da hannunta ta gina shi, da yumɓu da ƙaiƙayin gero, mai kauri ƙwarai, bakinsa ya ɗan tsuke kamar na tulu. Ba ya saurin ɗaukar zafi, sai ka gaji da jira. Amma in ya ɗauka, ko wutar ta lafa, jikinsa na nan da ɗumi har gari ya waye. Da ɗari, bayan sallar magariba, nan ake kewayewa ana jin ɗumi, manya a kan tabarma, mu yara muna ture juna muna gasa gyaɗa.

Kaskon ba shi ne abin ba. Kaskuna nawa ta gina suka fashe ta sake wasu? Wutar cikinsa ita ce abin. Ran da aka kawo Kaka aure daga Gidimuni, mahaifiyarta ta ɗebi garwashi daga murhunta ta zuba mata a ƙaramin kasko. Kwana uku suna tafe da jakuna, Kaka na riƙe da shi a cinya, tana ba shi ƙirare duk inda aka ya da zango. Tun daga ranar, in ji ta, wutar nan ba ta taɓa mutuwa ba. Ta ga haihuwa bakwai, ta ga fari, ta ga mutuwar kakanmu namiji.

Kada ku ɗauka a lokacin wuta wuya take yi. Kowane magidanci da ƙyastunsa a aljihu, in ya buga ƙarfen a kan dutse, ga auduga, an gama. Kaka dai ba ta ɗauki wannan a bakin komai ba, wutar matafiya take ce mata. Matan unguwa kuma sun fi son su aiko yara da tsingaro su ɗebi garwashi a gidanmu da sassafe, don ya fi sauƙi. Har suna ta yi da shi, ana ce mata mai wutar Gidimuni. Ba ta da zinariya, ba ta da shanu, wannan sunan shi ne duk abin da take taƙama da shi.

Da na kai shekara tara sai ta ba ni aikin rufe wuta. Murhun girki kashe shi ake yi da an sauke tuwo, saboda tsoron gobara, don haka wutar kasko kaɗai ke kwana a gidan. Za ki tara garwashin a tsakiya, ki sa guntun icen bagaruwa, ki bi shi da toka a hankali har ya ɓace, sannan ki huda ƙofa ɗaya da tsinke don ta yi numfashi. Da asuba ki yaye tokar, ki tarar da ita ja wur tana jiranki. Na ƙware har ina yi wa ƙannena iyayi.

Babana ɗan fari ne a wurin Kaka. Kun san yadda abin yake: ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo, sai ta dube ni ko ta dubi bango ta ce, "A gaya wa mai gidan nan kaza," shi kuwa yana tsaye gabanta yana ji. Shi ma ta bakina yake mayar da amsa. Ni ce hanyar da ke tsakaninsu, kuma ban taɓa jin abin ya yi mini baƙo ba.

Fatauci yake yi na fatu, yana shiga gidajen Larabawan unguwar Zango. A can ya ga suna jin ɗumi da kaskon ƙarfe mai ƙafafu, wanda ake ɗauka da hannu ɗaya a kai shi duk inda ake so. Kaskon Kaka kuwa a shekarar ya tsage daga baki har gindi, ta ɗaure shi da igiya ta shafe da yumɓu, ga shi ƙarfinta ya fara ja baya. Tausayinta ya ji. Ya je wurin wani maƙeri cikin masu yi wa Sarki aiki, ya kwatanta masa, aka ƙera. Ƙarfe a lokacin ba abin wasa ba ne.

Ran da aka kawo shi, da yamma ne, abokan babana uku suka biyo shi har tsakar gida don su gani. Baƙi ƙirin, ƙafa uku, marfi, hannaye biyu, ƙasansa duk ƙananan huji don iska. Babana ya ce da ni, "Gaya wa tsohuwa ta huta da gyaran wancan." Da kansa ya kwashe garwashin duka ya juye a sabon, ya ɗauki tsohon ya kai bayan rumbu.

Kafin a ce me, wuta ta kama bal-bal. Ɗumin ya kai har ƙofar zaure. Abokan suka yi ta sa albarka, mu yara muka yi ta tsalle, ni ce ma kan gaba. Kaka ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashinsa, ta daɗe tana kallon hujin nan. Ta san abin da ta gani, ina da yaƙini. Amma ɗan fari ya yi mata kyauta a gaban mutane. Ba ta da bakin da za ta ce masa bai yi ba, ba ta kuma iya ɓoye garwashi a tsohon kasko, don hakan ma magana ce.

"A gaya wa mai gidan nan an gode," ta ce da bango. Sannan ta juyo gare ni. "Uwata, yau ki ƙara toka."

Na ƙara. Ina zubawa ina ganin tana zirarewa ta hujin nan tana taruwa a ƙasa, iska kuma na shiga ta ƙarƙashi tana hura garwashin. Na gani sarai. Barci nake ji, ga sanyi, na ce ai ƙarfe ne, ya fi yumɓu, na tafi na kwanta. Wannan laifin nawa ne, ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Da asuba na fito na taɓa kaskon, sanyi ƙalau kamar tulun ruwa. Na yaye toka, na tona har ƙasa, babu ko ɗigon ja. Ban kira kowa ba, amma Kaka ta riga ta fito daga ɗakinta da carbi. Ta durƙusa ta cusa hannu cikin tokar har wuyan hannu, ta bar shi a ciki. Babana ya dawo daga masallaci ya tarar da mu haka. Ya laluba aljihu ya fito da ƙyastu.

"Uwata," in ji Kaka, "ce masa ya mai da abinsa."

Ya mayar. Ta goge hannu a zane, ta tambaye ni gidaje nawa suka ɗebi wuta jiya da safe. Na ce uku. Ta ce in ɗauko tsingaro. Matar da shekara da shekaru ake zuwa ƙofarta, yau ita ce ta yafa mayafi ta fita neman wuta, ina biye da ita.

A gida na farko, uwar gidan ta ce ai tasu tun jiya da la'asar ta mutu, maigida ne ya buga ƙyastu yanzu, amma a ɗiba mana. Kaka ta yi godiya ta juya. A na biyu ma haka, har amaryar gidan na tambaya ko lafiya, tana danne dariya. Saura ɗaya.

Wata tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai a bukka gindin ganuwa. Baiwa ce da aka 'yanta bayan ta tsufa, kaɗi take yi tana ci. Ba ta da yaron aike, da kanta take zuwa ɗibar wuta, ta tsaya daga ƙofar zaure har sai kowa ya gama. Kaka ba ta taɓa ce mata shigo ba. Abin da ya taɓa shiga tsakaninsu kawai, wani kasko ne da ya karkace wurin gashi, ba mai saye, Kaka ta ce a ba ta.

Muka same ta zaune a ƙofar bukka, ƙafafunta kusa da karkataccen kaskon nan, wuta na ci a ciki. Ta yunƙura za ta tashi, Kaka ta riga ta durƙusawa. Ban taɓa ganin gwiwar Kaka a ƙasa gaban wani mahaluki ba sai ranar.

"Wutar da kika ɗiba jiya," Kaka ta ce, "ita ce wannan?"

Tsohuwar ta dubi tsingaron da ke hannuna, ta dubi tokar da ta rage a farcen Kaka.

"Ita ce, uwar ɗakina. Ni wa zai buga mini ƙyastu? Ɗebi abinki."

Kaka ba ta bari na riƙe ba. Da hannunta ta ɗauko, tana kare ta da gefen mayafi, har gida. Ta sa aka jawo tsagaggen kaskon daga bayan rumbu ta zuba a ciki. Na ƙarfen kuwa, babana ya ɗauke shi ya kai zaure, inda ya yi wa maza amfani shekaru da yawa, don gaskiya wurin saurin ɗumi ba a haɗa su. Ba wanda ya sake tayar da zancen. Daga ranar dai kullum ni ke kai wa tsohuwar gindin ganuwa tuwo, in kuma ta zo ɗibar wuta, Kaka na sa a shimfiɗa mata tabarma.

Kaka ta rasu ina da shekara goma sha huɗu, tana mai wutar Gidimuni. Bayan kwana arba'in na kai wa tsohuwar sadakar waina. Ta karɓa, ta yi addu'a, ta ce in zauna.

"Yarinya, akwai kayan da nake so in sauke kafin in bi ta," ta ce. "Ranar nan, tawa wutar ma ta mutu. Ban da icen da zan sa mata. Kafin ku zo na je maƙera na roƙi garwashi."

Na tambaye ta wace maƙera. Ta faɗa. Ta mutumin da ya ƙera wa babana kaskon ce, don ita ce mafi kusa da bukkarta.

"To me ya sa kika ce ita ce, Iya?"

"Kin ga fuskarta kuwa?" in ji ta. "Allah ya yafe mini."

Na ji haushinta a ranar, ba zan ɓoye muku ba. Na taso ina kuka a hanya, ina jin kamar an sake yi mini mutuwa. Ban gaya wa babana ba. Da aka tashi kai ni ɗakin miji, mahaifiyata ta ɗebi garwashi daga kaskon Kaka ta zuba mini a ƙarami, na karɓa na riƙe a cinya, bakina a rufe.

Yanzu maƙera sun yi yawa, ƙarfe ya yi araha, kusan kowace tsakar gida a Birni da Zango akwai kasko mai ƙafa uku. 'Ya'yana sun sayo biyu. Ba na hana su, ni ma in ɗari ya matsa ina miƙa tafin hannu in ji daɗinsa. Masu zuwa ɗibar wuta sun ragu, wani lokaci sai a yi kwana bakwai ba a aiko ko yaro ɗaya ba. Amma da an gama hira, sai in sa a kwaso mini garwashi a zuba a na yumɓu, in sa guntun bagaruwa, in bi shi da toka, in huda ƙofa ɗaya. Tun da na zo gidan nan ba ta mutu a hannuna ba.

Jikar nan tawa mai kifar da moɗa na fara koya wa. Jiya tana riƙe da tsinke ta ɗago kai ta ce, "Kaka, wai da gaske daga Gidimuni aka kawo wutar nan?"

Na ce, "Haka kakata ta ce. Ƙara toka ta wancan gefen."