Ammu Dardiri da Bishiyar da Muka Kusa Kashewa da Neman Lada

Wani dare aka ji ƙara a ƙasan benenmu na Iskandariyya, ɓul-ɓul-ɓul, kamar ana zuƙar shisha a cikin rijiya. Ni dai na so a ce aljani ne. Usta Hilmi tela ya sauko da takalmi a hannu, sai ga mai gadinmu, Ammu Dardiri, wato Baffa Dardiri, a durƙushe, ya soka kara cikin ƙatuwar tukunyar bishiyar roba yana hurawa.

"Ammu, kai ka zare, ko ita ce ta fara shan taba?"

"Kasa kunne, Usta. Ka taɓa jin ƙasa ta yi wannan kuka? Kogi ne a ciki."

Mutumin nan tun yana da baƙin gashi yake tashi kafin ladan, ya share matakala, ya sayo wa tsofaffi burodi, ya goge ganyen bishiyar ɗaya bayan ɗaya kamar kunnen jariri. Marigayi mijin maƙwabciyarmu Ummu Ramzi ne ya dasa ta, har ta kai hawa na biyu. Matar ba ta wucewa sai ta shafa ta.

A bazarar nan tukunyar ta soma ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Aka turara lubban, aka zargi kyanwa. Mai benen, da ke jiran masu neman auren 'yarsa, ya ce kafin Juma'a a jefar da ita. Ummu Ramzi ta daina saukowa.

Dardiri ya kwana biyu a kan bencinsa yana kallo. Ashe kowannenmu, in zai fita, sai ya zuba mata kofi guda, wai shayar da shuka sadaka ce. Wani ruwa, wani ragowar shayi har da sukarinsa. Usta Hilmi ma romon wake.

"Don ta yi ƙiba," in ji shi.

"Ta yi, Usta. Har ta ruɓe."

Kai ne ka kwantar da ita a kan buhu, Dardiri. Kai ka cusa hannu cikin baƙin taɓon da muka toshe hanci muka gudu. Ka yanke saiwoyin da suka mutu, ka huda gindin tukunyar da ya toshe, ka shimfiɗa tsingaro da gawayin mai gasa kifi, ka kawo sabuwar ƙasa da yashi. Sannan ka kafa randa a bakin titi, ka ce mai son lada ya zuba a can, masu wucewa su sha.

Baƙin suka zo, ba su ji komai ba sai ƙamshin gahawa. Da sabon ganye ya fito, ja, a naɗe, Ummu Ramzi ta rangaɗa guɗar da aka ji har kanti.

Jiya Dardiri ya koma ƙauyensu a kudu, gwiwa ta gaji. Mun gode, ɗan bakin Nilu, Allah ya ba ka inuwa. Ku kuma masu shuka, ku koyi nasa: a soka yatsa a ƙasa kafin a ɗauko buta.

Motar da ta ɗauke shi na tashi muka juyo cikin gida, muka tsaya a gaban tukunyar. Usta Hilmi ya dube mu, ya dubi kofin da ke hannunsa.

"To yanzu wa zai riƙa hana mu?"