Ranar da Raƙumi Ya Ci Kan Ansifekta

Cikin shekarun da na yi ina riƙe da alli, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wadda na ɗaga hannu a taron malamai ba tare da na ji tambayar da kyau ba. Ina ba ku labarin ne, ku ƙannena da kuka shigo aikin bara da bana, don na ga wasunku suna latsa waya a ƙarƙashin tebur idan direkta yana magana. Ni a lokacin littafi ne a kan cinyata, amma illar ɗaya ce.

A wata lakwal ce ta firamare cikin garin Dakoro, ina riƙe da ajin ƙarshe, mai jarrabawa, wanda gyaran kaye ɗinsa, wato littattafan rubutun yara, kaɗai ya isa ya sa mutum furfura. Mai ɗakina ungozoma ce a Maradi, can take da yara, ni kuwa ina nan ina dafa wa kaina wake da shinkafa. Na riga na nemi afektasiyo, wato canjin wurin aiki, don a mayar da ni kusa da iyali. Ga wanda bai san tsarin ba, direkta ne ke fara cewa ya yarda, sannan ansifekta, wato sufeton makarantun yankin, ya sa hannu, kafin maganar ta wuce gaba. In bai sa ba, sai ka sake shekara da tukunyarka.

A farkon shekarar karatun an yi ta raɗe-raɗin za a buɗe mana jardan, ajin nan na ƙananan yara ƴan shekara huɗu da biyar. Na ƙudura a raina ni zan karɓe shi. Waƙa, tafi, a tashi kafin rana ta yi zafi, babu kaye ko ɗaya. Saboda haka da na tsinci muryar Direkta yana cewa, "Saura maganar jardan, wa zai ɗauka?" sai hannuna ya riga hankalina tashi.

Ɗakin ya ɗauki tafi. Madam Zuwaira, malamar aji biyu, wadda ba ta taɓa yabon kowa kyauta ba, ta kira ni da "mushe" ɗin nan na Faransanci da ake ce wa malami namiji, ta ce, "Mushe Lawali, ashe kai namiji ne! Allah shi ba da lada." Da ina da wayo, da tun nan na gane akwai magana.

Bayan taro Direkta ya ja ni bayan azuzuwa. Wani fili ne na rairayi zalla, an kewaye shi da waya, ga fanfo ɗaya a kusurwa. Ya miƙo mini hauya da arozuwar, butar nan ta ban ruwa mai baki kamar rariya.

Na ce, "Ina yaran?"

"Waɗanne yara?"

"Na jardan."

Ya dube ni, ya dubi hauyar, sannan ya zauna a kan dakalin fanfo ya yi dariya har da share hawaye da hula. "Garka, Mushe Lawali. Lambu. Shi muke magana tun ɗazu."

Faransanci ke nan, harshen da aka koya mana cewa babu kamarsa wajen tantance ma'ana. Da kalma ɗaya yake kiran inda ake renon yara da inda ake renon albasa.

Na nemi in janye. Direkta ya ce ai ya riga ya buga wa Ansifekta waya ya ba shi sunana, kuma mutumin nan babu abin da yake so irin lambun makaranta. Zai zo dubawa kafin ƙarshen sanyi. "Ya kuma ce in gaya maka, wanda ya bar aiki rabi a Dakoro, ba ya ganin dalilin da zai kai wa mutanen Maradi shi."

Ni ɗan tela ne, jikan tela. A gidanmu ƙasa abar da ake kaɗewa daga tufafi ce. Na yi abin da na iya, na nemo littafi. Littafin kuwa a ƙasar sanyi aka rubuta shi, babi guda ya ware kan yadda ake kare shuka daga ƙanƙara, bai ce uffan a kan ƙadangare ba. Na binne irin karoti da zurfi kamar mai ɓoye abin sata, har yau bai fito ba. Salatin da ya leƙo, ƙadangaru suka yi walima da shi. Na yi ban ruwa da tsakar rana, na dafa tumatir tun yana jariri. Tafin hannuna ya yi bororo har alli ya gagare ni riƙewa, Madam Zuwaira kuwa kullum da safe sai ta ce, "Injiniya, yaushe za mu zo da kwanduna?"

Wata guda bai cika ba na fara ƙin wurin ƙi na gaske. Ƴan ajina suna zuwa bi da bi su taya ni ɗibar ruwa, amma yaro yana gane malamin da ba ya son abin da yake yi, sai su ma suka mayar da arozuwar abin watsa wa juna ruwa. Ko tunanin Maradi ya daina tayar da ni. Maradi tana da nisa, barcin safe kuwa ga shi a kusa.

Abin da ya cece ni tsegumi ne. Wata safiya na tarar da kabewa ta miƙe ta tare hanya, ta haye kan kwamin albasa ta baje. Cikin haushi na ce mata, "Ke kuma kin kwanta kamar Direkta bayan azahar." Sai na ji dariya a bayana. Baba Agali ne, mai gadin lakwal, wani dattijo daga wajen Azagor wanda ya yi rayuwarsa a bayan dabbobi kafin fari ya raba shi da su. Kunnensa ya yi nauyi, amma wannan dai ya ji ta.

Daga ranar kabewa ta zama Direkta. Barkono ya zama Madam Zuwaira, ba sai na faɗi dalili ba. Albasa ta zama mai ba da shawara kan koyarwa, don duk wanda ya zauna da shi sai ya yi hawaye. Shu kuwa, wanda mutanen Najeriya ke kira kabeji, akwai guda ɗaya da ya fi sauran girma, ya zauna a tsakiyar kwami ya naɗe kansa riga kan riga, ba ya dariya, kowa yana jiran ranar da zai yi kai. Na sa masa Ansifekta.

Ba zan iya bayyana muku yadda wannan shirme ya canja ni ba. Na fara tashi da wuri don in je in ga ko Direkta ya motsa. Ina kiran suna kamar a aji, ina tsawatarwa, ina gaya wa Madam Zuwaira gaskiyar da ba ni da ƙarfin halin gaya mata a ofis. Kuma mutum ba ya iya barin wanda ya sa wa suna ya mutu da ƙishi, ko da kuwa sunan na tsiya ne. Na fara zuwa garkar mutane a bakin gari ina tambaya, na koyi zuba taki, na koyi rufe kwami da ƙaya saboda ƙadangaru, na koyi ban ruwa safe da yamma. Ranar da na ga tsutsa a jikin Ansifekta, da hannuna na bi ganye ɗaya-ɗaya na cire, abin da ko ɗana ban taɓa yi wa ba.

Ƴan ajina sun san sunayen, na kuwa gargaɗe su cewa duk wanda ya fitar da maganar waje zai rubuta jerin aikatau na Faransanci har hannunsa ya sage. Baba Agali ne ban gargaɗa ba. Ban san cewa shi a wurinsa duk ganye abincin bisashe ne, bai taɓa sanin sunan shu ba. Da ya ji kullum ina cewa ansifekta, sai ya ɗauka sunan ganyen ke nan. Shi ansifekta na gaske, "babban mushe" yake ce masa.

Babban mushe ya zo ranar kasuwa, cikin watan Fabrairu. Dogon mutum ne mai sanƙo, da tabarau, wanda ko gaisuwa yake amsawa kamar yana ba ta maki. Bisa tsari, ya fara da ofishin Direkta, aka kira ni da Madam Zuwaira muka zauna. Ya cire hula ya ajiye a kan tebur, yana tambayata yadda na haɗa lambu da darasin kimiyya. Ina cikin zuba Faransanci mai kyau sai ƙofa ta buɗe da ƙarfi.

"Mushe Lawali! Taso maza! Raƙumi ya ci kan ansifekta!"

Baba Agali ne, da muryar mai nauyin kunne, wadda ake ji har aji shida. Wani ɗan'uwansa ne ya zo kasuwa ya biyo su gaisa, ya ɗaure raƙuminsa a jikin wayar lambu. Wayar an yi ta ne don awaki. Babu wanda ya yi lissafin wuya.

Ansifekta ya kai hannu ya shafa sanƙonsa a hankali. Ya ce, "Baba, mi ka ce?"

"Ansifekta, ranka shi daɗe! Wanga babban, mai ƙaton kai. Wanda tsutsa ta kama kwanaki. Duka ya cinye, sai gindi."

Madam Zuwaira ta cusa bakin mayafinta a baki. Direkta ya dubi rufin ɗaki. Ni kuwa na ga Maradi tana ja da baya, da mai ɗakina, da yaran, har suka ɓace.

"Mu je mu gani," in ji Ansifekta.

Muka tarar da ɓarnar. Sauran lambun lafiya lau, kore shar, tumatir ya yi ja. Raƙumin nan ya bar komai ya zaɓi mafi girma. Ansifekta ya tsaya a kan kututturen shu kamar mai ta'aziyya. Sannan ya nuna kabewa ya tambayi Baba Agali sunanta.

"Direkta ke nan. Ba ya tashi."

"Wannan fa?"

"Madam Zuwaira. Kar ka taɓa, ranka shi daɗe, sai ka wanke hannu."

Mayafin ya fita daga bakin Madam. Ansifekta ya juyo gare ni. "To, kai wanne ne a ciki?"

Na ce ban sa wa kowa sunana ba. Madam Zuwaira ta ce, "Mu mun sa mashi." Ta nuna wani zogale da na dasa a tsohon bokiti a kusurwa, da niyyar in tafi da shi in an yi mini canji. "Ga Mushe Lawali nan. Ya ƙi ƙasar Dakoro, yana cikin bokiti yana jiran mota."

Ansifekta ya sunkuya ya kama bokitin zai ɗaga. Bai ɗagu ba. Ya ƙara ƙarfi, ko motsi. Ashe saiwar ta huda gindin bokitin tuni ta shige ƙasa. Ya miƙe yana kaɗe hannu, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Yanzu tunda an ci kaina, wa zai duba maganar afektasiyonka?"

Na riga na san na mutu, kuma matacce ba ya jin tsoro. Na ce, "Ranka shi daɗe, kai kawai ya ci. Hannun yana nan."

Tunda nake ban taɓa jin wani ya ce ya ga haƙoran mutumin nan ba. Ranar mun gan su duka. Ya yi dariya har ya dafa kafaɗar Baba Agali, wanda shi ma yake dariya ba tare da ya san dalili ba. Ya tafi da kwandon tumatir, da Direkta guda ɗaya a bayan mota. Ya kuma sa hannu. Bai tsaya nan ba, don alheri ya buga wa takwaransa na Maradi waya ya ce, "Ina aiko maka da wani, a harkar jardan babu irinsa a yankina."

Da aka koma karatu na je lakwal ɗin da aka tura ni a Maradi, da bororona da ya zama kanta, ina ɗan taƙama. Direktar mace ce, ta tarbe ni da murna ta ce an ba su labarina. Ta ja ni har ƙarshen azuzuwa ta buɗe wata ƙofa. Ɗaki ne cike da ƴan shekara huɗu, rabi suna kuka, ɗaya ya tuɓe wando, wata tana cin alli.

Na ce, "Ina hauyar?"

Ta ce, "Wace hauya?"

Shekara biyu na yi a ɗakin nan, kuma duk wanda ya ce muku aiki ne na hutu, ku kawo shi in ba shi rabin yini. Shu ba ya cizo. Kabewa ba ta bin ka har bayi tana kiran sunanka.

Abin da na koya ba shi da yawa. A aikinmu ba ka zaɓen abin da za ka rena, kuma da wuya ka so shi tun ranar farko. Ka dai san sunansa, ko na tsiya ne, ka dinga zuwa kowace safiya, wata rana za ka tarar ba ka iya barinsa. Manyanmu kuma sun fi yadda muke zato iya ɗaukar wasa, in dai sun zo sun tarar da aikin kore. Zogalen nan yana nan a Dakoro, ya fi rufin aji tsawo, da zoben bokiti a gindinsa. Madam Zuwaira, wadda ta zama direkta a can, takan kira ni lokaci-lokaci ta ce sun yi kwaɗo da ni.

In kuwa kuka ji an ce wa zai ɗauka, ku ajiye wayar ku tambaya: wane jardan?