Randunan Ladi a Bakin Teku

A gidanmu na Wheaton babu murhu, sai wata 'yar hita mai jan ido. Ita Kaka, mahaifiyar Mama, take jawowa gaban ƙafafunta bayan magariba, ta ce wutarta ke nan. Mu kuwa mu zube kan kafet, ni da ƙanwata, dusar ƙanƙara na zuba a waje.

"Ga ta nan, ga ta nanku, a ajiye mini Turancin nan," in ji ta. "Mijina, matso." Ni ne mijin, duk da kullum tana yi mini gorin ban taɓa yin cefane ba.

Labarin Ladi ta fi so. Ladi bazawara ce, maginiyar tukwane, ta bi fatake daga arewa da 'yarta ɗaya tilo har wani gari a bakin teku. Lokacin garin bai wuce bukkokin masunta da unguwar magina ba, inda mata ke gina randuna da kaskon gasa kifi. Ladi ta kwaɓa yumɓunta da ruwan rijiya yadda ta saba a gida. Ashe rijiyoyin can duk gishiri ne. Randa ta fito wuta garau, bayan kwana biyu ta yi fari-fari ta fara ɓarɓashi. Masu saye suka watse. Yunwa ta shigo, har fataken suka ce ta ba su yarinyar su mayar wa dangi.

Sai Kaka ta ce wata tsohuwa 'yar garin, wadda ko yaren juna ba sa ji, ta ajiye wa Ladi tulun ruwan sama a bakin ƙofa, ta nuna mata yumɓu. Randuna suka yi kyau. "Ta riƙe 'yarta gam," Kaka kan maimaita, tana matse mini hannu har ya yi zafi.

Sai bayan rasuwarta, ina da nawa 'ya'yan, na tuna wa Mama labarin ina dariya. Mama ba ta yi dariya ba.

"Ai yarinyar nan ita ce kakarku," ta ce. "Tsohuwar ta kawo ruwan, amma fatake sun riga sun tafi da ita. Ita da Ladi ba su ƙara ganin juna ba."

Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne baƙo ya riƙa tambayar 'yan gari. Ashe ba koya mana komai take yi ba. Kowace magariba kanta take mayarwa wurin mahaifiyarta, mu muna taya ta zama. Wallahi ina kewarta. Yadda ta bar labarin nake ba 'ya'yana, don ba ni da zuciyar sake raba su.