Fim ɗin Faransa da Sunan 'Yar Farina

Shekarun baya, a nan Greensboro ta Amurka, na taɓa zama 'yar fim, ni da ko hoton biki ba na iya tsayawa daidai. Ƙawata 'yar Nijar ce ta jawo mini. 'Yar yayarta, wadda ta tashi a Faransa, ta zo ɗaukar wani ƙaramin fim da ta rubuta da kanta, tana neman wadda za ta fito a matsayin uwa. Ƙawata ta ce, "Hajiya, fuskarki kawai ake so, wannan ta ɗaurewa."

A wani gida a McLeansville aka yi aikin. Kyamara ɗaya, fitilun aro, ma'aikatan ba su cika mota biyu ba. Na zaci za a yi waƙa da rawa, ashe su Faransawa sai su ɗora kyamara a kan butar shayi har ta tafasa. Labarin kuwa na wata yarinya ce da ta girma a Turai, tana ganin uwarta ba ta sonta, domin ba ta taɓa jin ta kira sunanta ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba, haka gidana yake. 'Yar farina, haifaffiyar nan, ta daɗe tana ja da baya da ni. In na yi magana, sai "Okay, Mom," ta shige ɗaki. Abin yana cina ƙwarai. Ita take kai ni wurin aikin a mota, ta zauna gefe tana danna waya.

Ranar ɗaukar fitowar ƙarshe, daraktar, wato 'yar yayar ƙawata, ta ce uwar za ta kira sunan yarinyar a bakin ƙofa, su rungumi juna. Na ce sam. Ƙawata tana fassara, na ce, "Gaya mata, a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Kunya ce, ba ƙi ba. Wanda ya fi kusa da zuciya shi ake kawar wa kai. Mahaifiyata har ta rasu ba ta kira sunan yayana ba, amma ko zazzaɓi ya yi ba ta iya cin abinci."

Sai ga hawaye a idon daraktar. Ashe labarin marigayiya mahaifiyarta ta rubuta, ita ma daraktar 'yar fari ce, kuma ba wanda ya taɓa yi mata bayani. Nan take ta sauya ƙarshen. Na tsaya bakin ƙofa, na gyara wa yarinyar ɗankwali, na ce, "Ke, kin ci abinci?" Sau ɗaya aka ɗauka, ma'aikatan suka kama tafi.

A hanyar gida 'yata ta tsayar da mota a gefen titi. Ta ce, "Mom, so that's why? Ashe shi ya sa ba kya kiran sunana?" Na ce, "To, da me kika zata?" Ta kwantar da kanta a kafaɗata, muka yi kuka, muka koma dariya.

An ce fim ɗin ya samu karɓuwa a can Faransa, har 'yan kallo suna tambayar wace ce uwar. Na ji daɗi, ba ƙarya, na yi wata guda ina yi wa ƙawata yanga. Amma ribata a gefen titin nan na same ta. Yau 'yata tana gidan mijinta a Summerfield, kuma duk abin da ya taso mata, mai daɗi ko marar daɗi, ni take fara kira.