Malam Sabo da Rijiyar Fassi

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana, Malam Sabo, kuma ban taɓa jin rashinsa kamar a makon nan ba.

Farkon dawowar mulkin farar hula, shi ke koyar da rubuta manhajar kwamfuta a wata sakandare a Rano, makarantar da ko kwamfuta ɗaya ba ta da ita. A allo yake yin komai. Na sha tsokanarsa, ina kiransa direba marar mota. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ƙanena, wadda na taɓa a kwaleji ta ishe ni. Ita ta hana ni yanke hukunci da zato."

Wata damina gudawa ta kama yara a garinmu, Fassi. Nan take aka ɗora wa Fulanin rugar Jauro Bello, wai shanunsu sun ɓata ruwa. Har matasa sun fara wasa adda. Yaya ya roƙi dattawa su ba shi kwana biyu. Ya bi gida-gida da alli da ɗan katako, yana rubuta gidajen da aka kamu da kuma rijiyar da suke sha, yadda yake bin manhaja layi-layi idan ta ƙi aiki. Ashe duk gidajen rijiya ɗaya suke ɗiba, wadda shanu ba sa zuwa, wadda aka haƙa sabuwar salga kusa da ita. Salgar gidanmu ce. A gaban kowa ya faɗa, na yi wata guda ba na kula shi.

To a makon nan ma yara sun kwanta, kuma wani saƙon murya yana yawo a wayoyin mutanen ƙaramar hukumarmu ta Kibiya, wai 'ya'yan Jauro sun zuba wani abu a rijiya. Wanda ya turo mini tsohon ɗalibin Yaya ne, wanda ke zuwa na ɗaya a ajinsa. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali. Ko dai karatun bai taɓa koya wa kowa tunani ba? Ko halin Yaya ne kawai, muka binne su tare? Da yana nan, na san ba saƙon zai fara tambaya ba, ɗalibin zai kira ya ce ya nuna masa hujja.

Gobe bayan Juma'a za a zauna a ƙofar mai unguwa, kuma tsoro nake ji. Ba ni da iliminsa, balle ƙarfin zuciyarsa. Abin da ya bar mini tambaya biyu ce: wa ya kamu, a ina yake sha? Allah ya jiƙanka, Yaya. Tun da safe na ɗauki alli na fara bin gidaje, kuma namu na fara rubutawa.